Kafin ka sauya waya: daga Android zuwa iPhone, ko daga iPhone zuwa Android

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin da muka gabatar a filinmu na sadarwa, inda muka amsa tambayar da ta fi yawa cikin saƙonnin da kuka aiko: in mutum ya bar Tecno ko Samsung ya koma iPhone, ko ya bar iPhone ya dawo, me zai bi shi, me kuma zai rasa?

Tambayar tana da nauyi, domin yau wayar ɗan kasuwa ita ce littafin bashinsa. Dillalin da ke karar Maigatari ko ta Illela, cinikin da ya ƙulla da mutumin Legas yana cikin saƙon murya. Hoton rasidin kuɗin da aka tura daga Maraɗi, lambar direban da ya ɗauko kaya daga Ƙonni, hoton bijimin da aka yi wa kuɗi kafin a gan shi, duka suna cikin waya. In suka ɓace, shaida ce ta ɓace.

Gida biyu ne, kowa da rumbunsa

Wayoyin shafa da muke riƙewa kashi biyu ne. Akwai masu aiki da Android, tsarin kamfanin Google: Tecno, Itel, Infinix, Samsung, Redmi da sauransu. Akwai kuma iPhone na kamfanin Apple, mai aiki da nasa tsarin da ake kira iOS. In ka tashi daga Itel ka koma Samsung, ɗaki ka sauya, gidan dai ɗaya ne. In ka tashi daga Tecno ka koma iPhone kuwa, ƙaura ce sosai.

Kowane gida da rumbunsa a intanet. Mai Android yana ajiya a asusun Google, wato wannan adireshin Gmail da aka buɗe maka ranar da ka sayi waya, kuma Google na ba da gigabait 15 kyauta. Mai iPhone yana ajiya a iCloud, Apple na ba da gigabait 5 kyauta. To ga inda gizo ke saƙa: ajiyar WhatsApp da ke rumbun Google ba ta buɗuwa a iPhone, wadda ke iCloud ma ba ta buɗuwa a Android. Shi ya sa mutum zai sa layinsa a sabuwar waya, WhatsApp ya buɗe, ya ga rukunonin da yake ciki suna nan, amma tsofaffin saƙonni babu ko ɗaya.

Saboda haka doka ta farko, ɗan'uwa: kada ka sayar da tsohuwar wayarka, kada ka ba da ita musaya, kada ka bari a goge ta, sai ka ga kayanka da idonka cikin sabuwar. Masu shago kan ce ka kawo tsohuwa ka cika kuɗi. Ba laifi, amma a kwashe kayan tukuna, a gabanka.

Abin da za ka tanada tun kana gida

Na farko, ka san adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa. Da yawa daga cikinmu yaron shago ne ya buɗe mana, muka tafi ba mu tambaya ba. In haka ne, ka nemi wanda ka amince da shi ya taya ka sauya kalmar sirrin tun layinka na hannunka, ka rubuta a takarda, da boko ko da ajami, ka adana inda kake adana takardunka masu muhimmanci.

Na biyu, lambobin mutane. Wuri uku lamba ke zama: cikin sim, cikin ƙwaƙwalwar waya, ko cikin asusun Google. Waɗanda ke asusun Google su ne masu sauƙin tafiya, domin da ka shigar da Gmail ɗinka a iPhone ka kunna wajen lambobi, za su fito. Don haka a mayar da dukkan lambobinka can kafin komai. Ka sani kuma iPhone na iya kwaso lambobin da ke cikin sim, amma ba ta ajiye sabuwar lamba a sim. Wanda ya saba cire layi ya sa a ƙaramar waya ya ga sunayen jama'arsa, sai ya kula da wannan.

Na uku, ka zaɓi hirarraki masu nauyi, na waɗanda kake bi bashi da waɗanda ke bin ka. WhatsApp na da hanyar fitar da hira guda, ka tura ta Gmail ɗinka. Ko an samu tangarɗa wajen kwashe kaya, waɗannan sun tsira. Alƙaluman kuɗin kuma ka sa su a takarda. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, ka lura da wurin da za ka yi aikin. WhatsApp da manhajojin kuɗi, irin su OPay da Moniepoint a Najeriya, ko na Nita da Amana a Nijar, sukan nemi tabbatar da kai in sun ga sabuwar waya, kuma galibi lambar tabbaci ake turowa ta layin da ka yi rajista da shi. In layin MTN ne na Najeriya kai kuma kana cikin Maraɗi babu sabis, ko layin Zamani ne ko Moov kana Katsina babu rezo, lambar ba za ta iso ba. Ka yi sauyin a ɓangaren da layin ke kamawa sosai, kuma kada ka yi shi ranar kasuwa, lokacin da kake jiran kuɗi su shigo.

Daga Android zuwa iPhone

Apple na da manhaja mai suna Move to iOS, ana saukar da ita kyauta daga Play Store a tsohuwar wayar. Tun 2022 tana iya ɗauko hirarrakin WhatsApp tare da hotuna da saƙonnin murya, ban da lambobi da hotunan waya da ta saba ɗaukowa.

Sharaɗinta babba shi ne iPhone ta kasance sabuwa fil, ko wadda aka goge ta koma kamar sabuwa. Ana yin aikin ne a lokacin kunnawar farko. In mai shago ya riga ya shirya maka ita ya miƙo, sai an sake gogewa. A ajiye wayoyin biyu kusa da juna, dukansu a jone da caji. iPhone za ta nuna wasu alƙaluma, a shigar da su a tsohuwar wayar, a zaɓi abin da ake so ya tafi, a tabbata an zaɓi WhatsApp. Daga nan sai haƙuri. In kayanka na da yawa, aikin zai ɗauki lokaci, kada a taɓa wayoyin har ya ƙare. Bayan nan a sauke WhatsApp a iPhone, a shiga da lambar nan dai da kake amfani da ita. Da wata lamba daban, kayan ba za su fito ba.

Masu amfani da GBWhatsApp da ire-irensa su sani cewa wannan hanya ba ta ɗaukar kayansu. Waɗannan ba na kamfanin ba ne, babu su a iPhone, kuma kamfanin na iya rufe lambar mai amfani da su.

Daga iPhone zuwa Android

A nan igiya ake haɗa wayoyin biyu da ita. Samsung na da manhajarsa mai suna Smart Switch. Sauran wayoyi kuma ana buƙatar masu Android 12 zuwa sama, su ma a lokacin kunnawar farko. Sabuwar wayar za ta nuna wani zane mai murabba'i, a haska shi da kyamarar iPhone, sai WhatsApp ya fara tattara kaya. Ka sa a gwada maka a shagon kafin ka biya.

Kafin ka cire layi daga iPhone, ka kashe iMessage a wajen saiti. In ba ka kashe ba, saƙon da masu iPhone suka turo maka na iya ci gaba da bin tsohuwar hanya, kai kana zaune kana cewa ba a turo ba.

Abubuwan da ba sa tsallakawa

Manhajar da ka saya da kuɗi a gida ɗaya, galibi sai ka sake saye a ɗayan. Manhajojin banki sai ka sake saukewa ka shiga da lambar sirrinka. Kuɗinka dai suna nan a asusu, ba cikin waya suke ba, kuma lambobin da ake dannawa masu farawa da tauraro suna aiki a kowace waya muddin layin na ciki.

Akwai kuma abubuwan da mai Android ya saba da su, waɗanda zai nema ya rasa a iPhone. Ba ta da ramin katin memori, don haka karatu da wa'azi da waƙoƙin da ka tara a kati sai an kwashe su ta wata hanya. Ba ta karɓar hoto ko waƙa ta bulutut daga Android. Manhajar da abokinka ya turo maka ta Xender ba za ta hau ba, sai dai ka sauke daga App Store da datarka. Ba ta da rediyon FM, wanda ke nufin jin labarai da farashin kasuwa sai ta intanet, alhali Itel da Tecno da yawa na kamo tasha ba tare da data ba. Ga makiyayi da ke kwana a daji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai maganar layi biyu, wadda ta fi shafar ɗan bakin iyaka. Yawancin wayoyin Android da ke kasuwanninmu na cin sim biyu, ɗaya na Najeriya ɗaya na Nijar. Yawancin iPhone kuwa ramin sim ɗaya gare su, na biyun layi ne marar kati da ake kira eSIM, wanda kamfanin layi ne ke sa maka shi. Waɗanda aka yi don kasuwar Amurka, daga iPhone 14 na 2022 zuwa sama, ba su da ramin sim ko ɗaya. Da yawa daga waɗanda aka yi don China da Hong Kong kuma suna cin sim biyu na kati. Ka buɗe ramin ka gani, ka kuma tambayi kamfanin layinka ko yana ba da eSIM kafin ka fitar da kuɗi.

Caja ma abin dubawa ce. iPhone 14 zuwa ƙasa na da bakin cajarsu na daban. Daga iPhone 15 na 2023 ne suka koma irin bakin da sababbin Android ke da shi. In a rumfar mai caji ta ƙauye kake ba da waya, ko da ƙaramar sola kake caji a ruga, ka riƙa tafiya da igiyarka.

In ta hannu za ka saya

Ba ka sayen saniya ba ka duba haƙora ba, to waya ma haka. Babban haɗarin iPhone ta hannu shi ne kullen iCloud. In asusun tsohon mai ita na ciki, ranar da aka goge ta za ta nemi kalmar sirrinsa, in babu kuwa ta zama dutse. Ka sa a goge ta a gabanka, a kunna, ta wuce ba ta nemi asusun kowa ba. Android ma na da irin wannan kulle na asusun Google.

Ka sa layinka ka kira wani, domin akwai wayoyin da aka ɗaure da kamfanin layi na ƙasar waje, ba sa karɓar namu. Ka danna *#06# ka ga lambar wayar, a rubuta maka ita a rasidi tare da sunan shago, saboda gudun kayan sata. Ka duba lafiyar batir a wajen saiti: in ta yi ƙasa da kashi 80 cikin 100, sayen batir na gabanka. Kuma kada araha ta ja ka ga iPhone 5s, 6 ko 6 Plus, domin tun 2025 WhatsApp ya daina aiki a kansu. Araha ba ta ado.

Asusun Apple ko na Google da za a buɗe maka, ya zama naka ne, da lambarka, kai ka san kalmar sirrinsa. Kada mai shago ya sa maka nasa don sauƙi. Ranar da ya rufe shago ko kuka saɓa, makullin wayarka na hannunsa.

Kafin tsohuwar ta bar hannunka

Ka riƙe ta kwana biyu ko uku kana duba sabuwar: lambobi sun cika? Saƙonnin murya na buɗuwa? Manhajar kuɗi ta karɓe ka? In komai ya zauna, ka cire sim da katin memori, ka fitar da asusun Google ko na iCloud daga tsohuwar, sannan a goge ta gaba ɗaya. Ka kuma kunna wa WhatsApp ɗinka lambar sirri mai alƙaluma 6, kada ka faɗa wa kowa lambar tabbacin da aka turo maka, ko da ya ce daga kamfani yake.

Wace ce ta fi? Aikinka ne zai faɗa maka. Mai yawo tsakanin ƙasa biyu, mai nisa da wuta, mai dogaro da rediyo da katin memori, ya auna sosai kafin ya bar Android. Mai zaman gari da ke da wuta da data, wanda ke son iPhone don kyamararta, ya bi matakan nan a natse.

Mai sauran tambaya ya aiko da saƙon murya ta layin shirin, za mu amsa a fili na gaba in Allah ya kai mu. A yi kiwo lafiya, a ci kasuwa lafiya.