Yadda Ake Gane Ƙarin Gashin Da Aka Sa Ba Bisa Ƙa'ida Ba

Ƙarin gashi, wato haɗa wani gashi na daban da wanda ya tsiro a kan mace domin ya ƙara tsawo ko cika, ya zama babban sashe na aikin makitsa da shagunan gyaran gashi a biranen Najeriya da Nijar. Ana kitse shi tare da gashin asali, ko a yi kitso a kwance a ɗinka shi a kai da allura da zare, ko a liƙa shi da gam, ko a matse shi da ƙananan zobba na ƙarfe, kuma mafi yawan wanda ke kasuwa, wanda mata ke kira gashin doki, zaren roba ne irin su Kanekalon na kamfanin Kaneka na Japan. Hanin da ya zo a hadisan Bukhari da Muslim game da ƙarin gashi sananne ne, haka ma saɓanin malamai a kan ulu da zare, amma abin dubawa a nan shi ne lafiyar kai, domin illar ja tana samun mai ulu kamar yadda take samun mai gashin doki.

Alama ta farko, wadda kuma aka fi rainawa, ita ce zafi. Mata da yawa sun tashi da fahimtar cewa kitson da bai yi zafi ba bai kamu ba, har wata takan sha maganin ciwon kai kafin ta zauna gaban makitsiya, ta kuma kwana biyu ba ta iya ɗora kai a matashi, tana ɗaukar hakan shaidar aiki mai kyau, alhali shaida ce ta cewa an ja gashin fiye da ƙarfin saiwarsa. Idan aka duba gindin kitson da kyau, za a ga fatar ta ɗago tana bin gashin, tsagar ta yi ja tana sheƙi, girar ma wani lokaci ta ɗan ɗaga sama, kuma bayan kwana kaɗan sai ƙananan ƙuraje, wasu da farin baki na mugunya, su jeru a goshi da bayan kunne da ƙeya. Duk aikin da ya hana mace juya wuya ko tamke fuska ba tare da raɗaɗi ba, abin da ya dace shi ne a sassauta shi a ranar, ko da kuwa an riga an biya kuɗi.

Dalilin wannan gaggawa yana cikin yanayin saiwar gashi, wato ɗan ramin da ke cikin fata inda kowane sili ke tsirowa. Ja na lokaci guda yana kumbura wannan rami ne kawai, ya warke idan aka saki, amma idan aka maimaita shi shekara da shekaru sai ramin ya mutu, tabo ya maye gurbinsa, gashi kuma ba ya tsirowa a kan tabo komai man da aka shafa. Likitocin fata suna kiran wannan larura sanƙon ja, kuma binciken da likita Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka wallafa a 2007 daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya same ta a kashi 31.7 cikin ɗari na matan da aka duba, da kashi 17.1 na 'yan mata 'yan makaranta, tare da nuna cewa haɗarin ya fi tsanani idan aka ɗora ƙari a kan gashin da aka riga aka lausasa da rilaksa. Sanƙon yakan fara ne daga gefen goshi, inda gashi ya fi siranta, kuma sau da yawa yakan bar wani siririn layi na gajerun gashi a gaba, wanda kitson bai kama ba, fili kuma ya buɗe a bayansa.

Bayan ja, nauyi shi ne kuskure na biyu. Makitsiyar da ta tsaga ɗan gashi kaɗan ta rataya masa dogon ƙari mai kauri ta ɗora wa silin da ba su kai a ƙirga ba kayan da ya fi ƙarfinsu, kuma ana ganin haka idan kitson yana lilo a kan 'yan sili biyu ko uku. A aikin gam, kuskuren shi ne gam ɗin ya taɓa fata maimakon ya tsaya a kan gashi, domin yawancinsa yana ɗauke da ruwan roba da jikin wasu ba ya karɓa, sai ƙaiƙayi da kumburi su biyo baya. Ɗinkin da layinsa ke leƙowa ta tsaga, ko zobban da suka fara zamewa cikin mako guda, muni ne da asarar kuɗi, amma ba su kai waɗancan haɗari ba.

Ko aikin da aka yi da kyau yakan lalace idan ya daɗe. Gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita guda a wata, saboda haka gindin ƙarin yana nisa da fata yana murɗe sabon tsiro, sannan silin 50 zuwa 100 da ke zuba a kullum ba su da hanyar fita, sai su cukurkuɗe da maiƙo da amosani su zama dunƙule. Shi ya sa likitocin fata ke ba da shawarar kada ƙarin ya wuce mako shida zuwa takwas, a kuma bar kan ya huta kafin a sake. Ɗinkin da ba ya bushewa bayan wanki, musamman idan ɗankwali da hijabi suna rufe shi yini guda, yakan yi wari, wanda alama ce ta danshin da ƙwayoyin cuta ke so. Gashin da ya taru a mataji ranar tsifa yawanci wanda ya riga ya zuba ne, amma filin da ya yi sumul ba ya nuna ko ɗigon ramin gashi, ko ƙurajen da ba su baje ba bayan an tsefe, suna buƙatar likitan fata, musamman a kan ƙananan yara, waɗanda ake danne wa kai a cinya ana ce musu su yi haƙuri.