Littafi Shi Ke Nuna Ɗan'uwansa: Hanyar Neman Abin Karantawa



An ɗora mini in yi magana a kan wata tambaya wadda ɗalibai suka cika yi wa malamansu, ma'aikata kuma suka cika yi wa junansu, watau: wane littafi zan karanta? Abin da aka saba yi shi ne malami ya ɗauki alli ya jera sunaye goma ko ashirin a kan allo, ɗalibi ya kwafa, ya ninke takardar ya sa aljihu, shi ke nan. Ni ban ga amfanin wannan ba sosai, domin jerin sunaye yana ƙarewa, kuma ba ya gaya wa mutum dalilin da zai sa ya bi wannan littafi da wancan. Abin da nake so in nuna yau shi ne, littafin da ke hannunka shi zai gaya maka wanda za ka nema bayansa, muddin ka yarda ka riƙa tsallakawa daga wani irin rubutu zuwa wani: daga ƙagaggen labari zuwa labarin da mutum ya bayar na rayuwarsa da bakinsa, daga nan kuma zuwa tarihin da wani ya rubuta a kan wani. Kowannensu yana da abin da yake iya faɗi, yana kuma da abin da yake ɓoyewa, abin da wannan ya ɓoye kuwa sau da yawa yana wurin wancan.

Bari mu fara daga gida. Daga nan Batagarawa zuwa tsohon ginin Kwalejin Katsina 'yar tafiya ce kaɗan, ginin da yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. A shekarar 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka buga littattafai biyar daga cikin abin da aka samu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Uku na farko duk sun ratsa ta wannan kwaleji: Bello Kagara ya koyar a cikinta, ƙanensa Imam da Tafawa Ɓalewa kuwa ɗalibanta ne. Saboda haka Bakatsine bai da hujjar cewa bai san inda zai fara ba.

Mu ɗauki Shehu Umar, tun da kusan kowa a ɗakin nan ya karanta shi, ko da don cin jarrabawa. Labarin yaro ne da aka sace, aka ratsa hamada da shi zuwa ƙasar Larabawa, mahaifiyarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa cikin bauta. Mai karatu yakan gama shi da tausayi, amma in mai tunani ne zai tambayi kansa: haka abin yake kuwa, ko marubucin ne ya ƙawata? Wannan tambaya ita ce ƙofar littafi na gaba. Akwai wani Bahaushe, Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka kama yana yaro aka sayar, har ya faɗa hannun Turawan nan masu yawon bincike a Kukawa, suka 'yanta shi. Ya bi Heinrich Barth zuwa Tumbuktu, suka ratsa ta Katsina a 1853, sa'an nan ya tafi da shi Turai a 1855. A Ingila ya ba wani malamin mishan, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. A wurin Dorugu ba za ka sami ƙulli da warwarewa irin na ƙagaggen labari ba. Za ka sami yunwa, da tafiyar ƙasa, da yadda yaro ke wucewa daga hannu zuwa hannu, sa'an nan da mamakin Bahaushen da ya ga yadda Turawa ke zama cin abinci. Tafawa Ɓalewa ya fi shi iya tsara magana, shi kuwa ya fi Tafawa Ɓalewa sanin abin da ake magana a kai, gama da shi aka yi.

To, amma Dorugu bawa ne. Yaya abin yake a idon masu bayin? Nan sai a nemi Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa a 1877, ta ba Mary Smith labarinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga da Turanci a 1954. Daga baya an fitar da shi da Hausar da ta faɗe shi. Iyayen Baba suna da rinji da bayi, amma su kansu ba su tsira ba, domin mahara sukan kwashe 'yan'uwansu, dangi su tara wuri su je fansa. Cikin waɗanda take ambata da tsoro akwai mutanen Mai Sudan, watau Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora.

A nan nake so ku tsaya ku lura, domin nan ne gishirin maganar. Ganɗoki, wanda Malam Bello Kagara ya sa muke tafa wa, jarumi ne na ɓangaren wannan Sarkin Sudan ɗin, yana kirari yana faɗa wa rundunar Turawa sa'ad da suka zo wa Kwantagora. In ka karanta Ganɗoki kaɗai, za ka ɗauka zamanin nan na dawaki da sulke ba abin da ke cikinsa sai jaruntaka. In ka karanta Baba kaɗai, za ka ɗauka mahayan nan ba su da wani abu sai mugunta. Sai ka haɗa su biyu za ka gane cewa dokin da mawaƙi ke yaba wa sukuwa, shi ne dai wanda matan ƙauye ke jin kofatonsa su ruga daji da goyo. Ba wanda ya yi ƙarya tsakaninsu. Wuri ne kowa ya tsaya daban. Wanda yake son ido na uku, sai ya nemi labarin Maimaina na Jega, wanda ya yi wa Turawa tafinta har ya zama Sarkin Askira a ƙasar Barno. An juya labarinsa da na Dorugu zuwa Turanci cikin littafi guda a 1971, aikin Kirk-Greene da Paul Newman.

Shi Malam Bello Kagara bai tsaya ga ƙagaggen labari ba. A 1951 an buga tarihin da ya rubuta na Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda Turawa suka naɗa a 1906 bayan sun tuɓe Sarki Yero, ya yi mulki har 1944. Ga shi nan hannu ɗaya ya rubuta jarumin da ya ƙi Turawa, ya kuma rubuta sarkin da ya yi aiki da su. Littafi ne mai amfani ƙwarai, ina kuma so kowane ɗan Katsina ya karanta shi, amma a karanta shi da sanin cewa marubucin mutumin fada ne, wanda ya yi aiki ƙarƙashin sarautar da yake ba da labarinta. Wannan ita ce larurar tarihin rayuwa a ƙasarmu tun da daɗewa. Asalinsa daga littattafan malamai ne masu jera darajojin magabata, irin abin da Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi, ko abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisuri a kan malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Manufarsu ita ce a yi koyi, saboda haka ba su damu da tuntuɓen mutum ba. A zamaninmu kuwa abin ya gangaro har ya zama sana'a. Ku ma'aikata kun fi ni sanin irin littafin da ake bugawa domin ranar ƙaddamarwa, a tara attajirai, a sayi kwafi ɗaya da kuɗin mota, bayan mako guda ba mai sake buɗe shi, har shi wanda aka rubuta dominsa. Alamar irin wannan littafi ba ta da wuyar ganewa: duba ko akwai wuri ɗaya da mutumin ya yi kuskure, ko aka ba abokin hamayyarsa dama ya yi magana. In babu, to kirari ne aka yi masa bango.

Maganin wannan ba ƙin karanta tarihin manya ba ne, a'a, a karanta su bibbiyu. Sardauna ya ba da labarin kansa a 1962, yana kan mulki, yana kuma sane da cewa abokai da abokan gaba duk za su karanta. John Paden ya rubuta babban tarihinsa a 1986, shekara ashirin bayan rasuwarsa. A haɗa waɗannan da tarihin Malam Aminu Kano na Alan Feinstein, na 1973, da na Hajiya Gambo Sawaba wanda Rima Shawulu ya rubuta, sai a ga shekarun NPC da NEPU daga sama da kuma daga ƙasa, daga gidan gwamnati da kuma daga gidan yari. Sa'an nan a koma ga ƙagaggen labari, domin akwai abin da ba mai iya sa sunansa a kai sai ta bakin wani da aka ƙaga. Ba babban ma'aikacin da zai rubuta cewa ya karɓi hanci a bakin iyaka. Amma Sulaiman Ibrahim Katsina ya nuna yadda fasa-ƙwauri da cin hanci ke cin gari cikin Turmin Danya, wanda aka buga a 1982, shekarar da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fito. Mu da ke zaune kusa da iyaka ba ma bukatar a yi mana sharhi.

Hanya ta biyu ta fi wannan sauƙi, ba kuwa zan daɗe a kanta ba: a bi marubuci guda. Wanda ya ji daɗin Magana Jari Ce ya nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin tafiyar da Imam ya yi Ingila a 1943 tare da editocin Afirka ta Yamma, ya kuma nemi tarihin kansa wanda Abdurrahman Mora ya shirya aka buga a 1989, bayan rasuwar Imam a 1981. Daga nan zai ga cewa shi ma Imam littafi ne ya kai shi ga littafi, domin ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane su.

Na san wasunku suna cewa a zuci, duk waɗannan tsofaffi ne. Gaskiya ne. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka shiga buga littattafansu da kansu, musamman a Kano, aka sami ɗaruruwan labarai waɗanda wasu malaman jami'a suka raina suka kira adabin kasuwa. A ganina rainin ya yi yawa. A ciki akwai shirme, kamar yadda yake a kowace kasuwa, amma akwai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, akwai Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka juya zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ita ma wannan hanya tamu tana aiki a nan. A karanta Balaraba a kan aure da kishiya da saki, a koma ga Baba mutuniyar Karo a kan waɗannan abubuwa dai, a ga abin da ya sake da abin da bai sake ba cikin shekara ɗari. A ƙara da tarihin Nana Asma'u na Jean Boyd, na 1989, domin a san cewa macen ƙasar Hausa da alƙalami ba jiya suka haɗu ba. Tun 2016 kuma sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata, wadda ta fito da sababbin sunaye masu yawa.

Saura tambayar da ta fi ciwo: ina za a same su? Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje na ga littattafan Hausa na zamanin Gaskiya da NORLA jere a kan kanta, an tsare su kamar ƙwai, waɗanda a nan gida sai an yi cigiya. Duk da haka ba mu rasa komai ba. A kan hanyar nan ta Dutsin-ma kaɗai akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, kowace da ɗakin karatunta. Abin da ba a samu a nan ba, a neme shi a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ko a Gidan Arewa a Kaduna, ko wurin kamfanin NNPC na Zariya, wanda tun 1966 ya gaji yawancin tsofaffin littattafan Hausa. Littafi kamar Magana Hausa, wanda ya wuce shekara ɗari da bugawa, ana samun hotonsa a intanet kyauta. Kafin a fita nema, a fara duba Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, domin ya bi tarihin rubuce-rubucen Hausa hukuma hukuma, da sunayen littattafan da kowace ta buga. Kada kuma a raina masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, da akwatunan tsofaffin malaman makaranta. Ɗan ladabi kaɗan yakan buɗe akwatin da aka shekara talatin ba a taɓa ba.

Akwai littafi ɗaya da za ku nema ku sha wuya kafin ku samu, watau labarin ƙaramin ma'aikaci da bakinsa. Muna da labaran firimiya da shugabannin ƙasa da manyan malamai, amma malamin haraji, da malamin asibiti, da ungozoma, da magatakardan hakimi, waɗanda suka ga yadda En'e ta koma ƙaramar hukuma, suka ga an yanke Jihar Katsina daga Kaduna a 1987, kaɗan ne ƙwarai suka rubuta abin da suka gani. Baba ba ta iya boko ba, wata ce ta zauna da ita da takarda da alƙalami har labarin ya kammala. Yau kowane ɗalibi a ɗakin nan yana da waya mai ɗaukar magana a aljihunsa, a Batagarawa kuwa akwai tsofaffin ma'aikata da yawa da ke zaune a ƙofar gida bayan la'asar.