Ɗaukaka Ƙara Kan Tsananin Hukunci: Sata da Fataucin Ƙwayoyi

A bakin jama'a, in an ce wani ya ɗaukaka ƙara, ko ya yi afil, abin da ake ɗauka shi ne yana musun laifin da aka ɗora masa. Amma akwai wata irin ɗaukaka ƙara wadda mai ita ya amince ya yi laifin, kukansa kawai shi ne horon ya zarce ƙima.

A ɗauki misalin saurayi a Daudawa, cikin ƙaramar hukumar Faskari, wanda aka kama da akuyar sata, aka kuma sami ƙunshin tabar wiwi da yake sayarwa. Mutum ɗaya ne, amma shari'arsa hanya biyu za ta bi. Sata laifi ne na dokar jiha, don haka kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ce za ta saurare ta. Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki cikin 1960, ta yanka wa sata ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tara, ko duka biyu. Watau doka iyaka ta sa, ta bar wa alƙali ya auna. Maganar wiwi kuwa ta Tarayya ce: hukumar NDLEA, wadda aka kafa cikin 1989, ita ke gurfanar da shi gaban Babbar Kotun Tarayya. Daga can sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma kwana 90 doka ta ba shi.

Kotun sama ba ta rage hukunci don tausayi kawai, ko don alƙalanta na ganin da su ne da sun yanka ƙasa da haka. Sai an nuna mata inda alƙalin farko ya kauce wa ƙa'ida: ya haura iyakar da doka ta sa, ko ya ƙi duba cewa wannan ne laifin farko, ko bai lissafa watannin da aka yi a tsare ana jiran shari'a ba. Akwai kuma batun jera ɗauri. Shekara 2 da shekara 3, in aka ce su tafi tare, shekara 3 ke nan. In aka ce a yi su bi-da-bi, sun zama 5. Ga manomin auduga ko masara, bambancin nan damina biyu ce.

Tarihin ƙasar nan ya nuna abin da ke faruwa in aka toshe wannan ƙofa. Cikin 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa doka mai lamba 20, wadda ta yanka kisa kan fataucin hodar iblis, ta kuma shafi laifuffukan da aka aikata tun kafin a kafa ta. Kotun musamman ce ke yanke hukunci, babu afil. Ran 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape a Kirikiri ta Ikko. Shekara guda bayan haka gwamnatin Janar Babangida ta mai da horon ɗaurin rai-da-rai.

Wani lokaci kuma ƙofar a buɗe take, mai ita ne ba ya shiga. Buba Bello Jangebe, wanda aka yanke wa hannu a Zamfara, maƙwabciyar Faskari, cikin Maris na 2000 saboda satar saniya, bai ɗaukaka ƙara ba. Wasu kan ga afil tamkar jayayya ce da ƙaddara, alhali malaman fiƙihu da kansu sun gindaya wa haddin sata sharuɗɗa masu tsauri, kamar cikar nisabi da ɗauke kaya daga ma'ajiyarsu, kuma shubuha tana kau da haddi. Wasu kuwa kuɗin lauya ne babu, ko kuma suna gidan yari kwanakin su ƙare ba wanda ya gaya musu an fara ƙirgawa. Wanda wa'adinsa ya wuce sai ya fara roƙon kotu ta ƙara masa lokaci, ya kuma kawo dalilin jinkirinsa.