Yaushe Ya Kamata Ɗan Dambe Ya Kwance Zare?

Da an gama yankan hatsi an cika rumbuna a ƙasar Kurfai, hankalin samari sai ya koma fage. Kokowa ce sarauniyar wasanni a Nijar, balle tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, amma dambe ma yana da nasa mutanen. Samarin Filinge ta ƙasar Kurfai da ƙauyukanta masu tafiya cin rani sukan tarar da gidajen dambe a Sakkwato da Kano da Dei-Dei ta Abuja, inda ake biyan kuɗin ƙofa, ana sa zare don kuɗi da babur, wani lokaci har mota. Wasan da a dā ake yi ɗan lokaci bayan kaka ya zama sana'ar kowane mako. Shi ya sa tambayar da iyaye da matan 'yan dambe ke yi a ɓoye ta cancanci a yi ta a fili: wanda aka yi ta sumarwa a fage, ya ci gaba ko ya haƙura?

Kafin amsa, a bambance kisa da kisa. A dambe, ko hannu ko gwiwa ce ta taɓa ƙasa, an yi kisa. Wani santsi ne ya kwashe shi, ya tashi ya kakkaɓe ƙura yana dariya. Wannan ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne wanda naushi ya same shi a muƙamuƙi ko a gefen kai, ƙafafunsa suka saki, idonsa ya juye, sai da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ko kuma ya tashi bai san turmi na nawa ake ciki ba. Wannan ƙwaƙwalwarsa ce ta ji rauni, ko da babu jini ko ɗigo a waje.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai, kamar kindirmo cikin ƙwarya rufaffiya. In aka girgiza ƙwaryar da ƙarfi, abin da ke ciki sai ya bugi gefe ya dagule. Naushin haɓa ya fi haɗari domin yana murɗa kai farat ɗaya, siraran jijiyoyin da ke kai saƙo su miƙe fiye da kima, wasu su tsinke. Ƙashi in ya karye mai ɗori yana haɗa shi, amma jijiyar ƙwaƙwalwa da ta mutu ba ta dawowa. Likitoci sun kuma lura cewa wanda ya taɓa samun irin wannan rauni ya fi saurin sake samunsa. Abin da 'yan kallo ke gani ke nan in suka ce wane ya daina ɗaukar duka: naushin da a dā yake shanyewa, yanzu shi ke kai shi ƙasa.

Haɗarin iri biyu ne. Na farko mai gaggawa ne. Jijiyar jini na iya fashewa a cikin kai, jinin ya riƙa taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Mutum zai iya tashi daga fage, ya ci tuwo, ya yi hira, bayan 'yan sa'o'i ya faɗi. Haka kuma wanda ya koma fage kafin raunin farko ya warke, duka na biyu, ko da bai kai na farko ba, yana iya kumbura masa ƙwaƙwalwa. A Nuwamban 1982 ɗan damben zamani na Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, ya faɗi a turmi na 14 a karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Bayan mutuwarsa hukumar dambe ta WBC ta rage wasannin kambun duniya daga turmi 15 zuwa 12. To, wannan a birnin da asibiti ke kusa ke nan. Daga Filinge zuwa Yamai, inda ake da na'urar hoton cikin kai da likitocin da ke iya buɗe ƙoƙon kai su cire jini, tafiyar kusan kilomita 180 ce, kuma ba kowane dare ake samun motar da za ta kama hanya ba.

Haɗari na biyu ba ya zuwa da ihu. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana halin tsofaffin 'yan dambe masu tafiya kamar sun sha giya alhali ba su sha ba. A 1973 masu bincike a Ingila suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan dambe 15 bayan mutuwarsu, suka ga ɓarnar da ido. Ciwon kan fara da mantuwa, nauyin harshe, rawar hannu, saurin fushi, har mutum ya kasa riƙe lissafin ciniki. Sau da yawa sai an yi shekaru da barin fage yake bayyana, lokacin da kalangu ya koma kan wasu yara. A ƙauye sai a ce sammu ne ko iska, a yi ta kashe kuɗi wajen karya asiri. Har yau babu maganin da ke mai da hannun agogo baya. Abin da ake iya yi kawai shi ne rage yawan dukan da kai ke sha.

A damben zamani, duniya ta ga hanyoyi biyu: masu barin fage da wuri da masu dagewa. Hogan Bassey, ɗan Kalaba, ya zama zakaran duniya a 1957. A 1959 Davey Moore ya ƙwace kambun, ya kuma sake doke shi a karo na biyu cikin shekarar. Bassey ya ajiye safar dambe yana ɗan shekara 27, ya koma gida yana horar da matasan Najeriya, ya rayu har 1998. Shi kuwa Moore raunin da ya ji a fage ne ya yi ajalinsa a 1963. Muhammad Ali kuma likitansa, Ferdie Pacheco, ya ba shi shawarar ya daina tun 1977, da ya ƙi ji sai likitan ya bar shi. A 1980 Larry Holmes ya yi ta jibgarsa har mai horar da shi ya tsai da wasan bayan turmi na 10. Ya sake gwadawa a 1981 aka doke shi, a 1984 aka tabbatar yana da ciwon rawar jiki na Parkinson. Likitoci sun saɓa kan ko dambe kaɗai ya jawo masa, amma duk wanda ya ji muryarsa a waɗannan wasannin na ƙarshe ya san ba ta dā ba ce.

Damben zamani irin na gasar Olamfik, wanda Issaka Daboré ya samo wa Nijar lambarta ta farko da shi, ta tagulla, a Munik a 1972, yana da ma'aunin da za a iya aro. Wanda aka kashe da dukan kai sau ɗaya, hutun kwana 30 aƙalla, ba wasa ba atisayen naushi. Sau biyu cikin wata uku, hutun kwana 90. Sau uku cikin shekara, hutun shekara guda, kuma ba ya dawowa sai likita ya sa hannu. Waɗannan da safar hannu mai laushi suke wasa, ga likita zaune a gefe. Ɗan damben gargajiya da hannu ɗaure da zare tam ake dukansa, don haka bai kamata hutunsa ya gaza wannan ba. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Me ya sa ba a hutawa? Da fari akwai abin kai wa bakin salati: in bai sa zare ba, babu kari, babu abin aikawa gida. Sannan akwai kunya, don wanda makaɗi ya wasa, kamar yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago, da wuya ya yarda a ce ya gudu. Akwai dogaro da laya, wadda ko ta ƙara wa zuciya ƙarfi ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. Mafi muni shi ne ƙwayar tramol da wasu ke haɗiya kafin shiga fage. Tana danne ciwon da ya kamata ya gargaɗi mutum, tana ɓoye alamun rauni, ita kanta kuma tana iya jawo farfaɗiya.

Akan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan lamari maganar ba ta zauna ba, domin abin da mutum zai auna halinsa da shi, shi ne ya ji rauni. Don haka bai dace a bar wa ɗan dambe hukuncin shi kaɗai ba. Ubangidansa da sarkin dambe da mai gidan wasa su riƙe lissafin wanda aka sumar da ranar da aka sumar da shi, su hana shi fage har ya cika kwanakinsa, ko da ya sauya gari. Wanda ya faɗi a sume kada a fizge shi a tsai da shi da ƙarfi, don wataƙila wuyansa ma ya taɓu. A daren nan kada a bar shi shi kaɗai. In ya yi ta amai, ko ciwon kai ya riƙa ƙaruwa, ko barci ya danne shi ba a iya tashe shi, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, ko ɓari ɗaya na jikinsa ya saki, a nufi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Wanda kuwa aka sumar sau uku cikin shekara, ko dukan da bai kai ya kawo ba ya fara kai shi ƙasa, ko matarsa da abokansa suka ga mantuwa da nauyin baki da tangaɗi a tafiyarsa, wannan ya kwance zare ke nan har abada. Sai dai faɗar haka ba ta isa ba in ba a ba shi abin yi ba. Fagen yana bukatar alƙalai da masu koyar da yara, kasuwar dabbobi da fawa da noman rani suna bukatar ƙarfinsa. Attajiran da ke masa kari yana tsaye a fage su haɗa masa jari ran da ya daina, makaɗa kuma su ci gaba da kiran sunansa in ya shigo kallo. In samari suka ga wanda ya bari da lafiyarsa bai rasa girma ba, bai rasa abinci ba, su ma za su yarda su bari in lokacinsu ya yi.