Dokar Abincin Dabbobi: Manomi Ma Yana Da Ta Cewa

Jama'a, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya wadata a Kura da Bunkure da Kadawa. Muna noma rani da damina. Dusa da harawa da tunkuza ba sa yankewa, don haka kusan kowane gida yana kiwo.

Amma akwai wata al'ada da muke yi. Idan masara ko gyaɗa ta yi fumfuna, ba ma zubarwa. Sai mu ce, "A ba kaji," ko a zuba wa saniya. Muna ganin mun yi tattali. Alhali kuwa akwai haɗari a ciki.

Wani irin fumfuna yana fitar da guba mai suna afulatoksin. Ido ba ya ganinta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, har takan jawo ciwon daji. Idan saniya ta ci dusa mai wannan guba, wani abu daga cikinta yakan fito a nono. Nonon nan shi muke dama fura da shi, shi yaranmu suke sha. Kaza kuwa sai ta daina girma, ta rage ƙwai, mai ita ya yi ta sayen magani bai san daga buhun dusa ciwon yake ba.

A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, sai aka gano tunkuzar gyaɗar da aka ba su ce. Daga nan masana suka san wannan guba. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya saboda cin gurɓatacciyar masara.

Fumfuna yana son danshi da zafi. Mu kuwa nan ƙasarmu a jiƙe take. Wanda ya shanya masara a ƙasa, ko ya ɗura ta a buhu ba ta gama bushewa ba, ya buɗe masa ƙofa.

Maganin ƙwari ma haka ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya, saboda an sami magani ya yi masa yawa. Wanda ya yi feshi yau, gobe ya yanki ganyen ya ba akuya, maganin ya ba ta.

To, wa ke da alhakin tsawatarwa? Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke lura da abinci da magunguna, har da abincin dabbobi na sayarwa. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo.

Ga abin da muke so mai karatu ya gane. Ba a wayi gari kawai a ga doka ba. Da farko akan rubuta daftari, wato dokar da ba ta gama nuna ba. Sai a fitar da shi, a ba da lokaci kowa ya faɗi ra'ayinsa. Majalisar dokoki ma takan yi zaman jin ra'ayin jama'a. Manyan kamfanoni ba sa wasa da irin wannan dama, domin suna da lauyoyi da masu rubuta musu. Mai injin niƙa a Kura, da matar da ke turkar rago biyu a Bunkure, sau da yawa ba su ma ji labari ba. A ganinmu wannan aski ne ake yi wa mutum ba ya nan.

Kuma muna da abin faɗa. Buhun abincin kaji ya zo da bayani da Hausa: me aka haɗa, yaushe aka yi, yaushe zai lalace. A kawo wurin gwajin hatsi kusa da kasuwanninmu. Kada kuɗin rajista ya fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a. A sauƙaƙa samun Aflasafe, maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta ƙirƙiro. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako 2 zuwa 3 kafin masara ko gyaɗa ta yi fure, yana kuma rage gubar tun daga gona.

Muryar mutum ɗaya ba ta nisa. Ku kawo maganar a taron ƙungiyar manoma ko ta masu amfani da ruwa. Ku sa wanda ya iya rubutu ya rubuta wasiƙa gajera: sunan ƙungiya, garinku, matsalar da kuka gani da idonku, da gyaran da kuke so. Shugaba ya sa hannu. Ku ba malamin gona na KNARDA ɗaya, ku kai wa ɗan majalisarku ɗaya, ku ajiye ɗaya a wurin magatakarda.