Ko Kun Sani? Lissafin da ke cikin injin niƙa

Idan an kwance injin niƙa irin na kasuwannin Anka, Gummi da Bukkuyum, za a ga wani ƙarfe a ciki mai tudu a nannaɗe kamar murjin igiya. Shi ke tura hatsi zuwa bakin faifan niƙa. Irin wannan nannaɗi ne a jikin noti da sifirin na babur.

A manhajar zanen injiniyoyi ta kwamfuta, abu huɗu kawai ake buƙata a fitar da wannan nannaɗi: faɗin da'ira, tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye, yawan zagayen, sai ɓangaren da zai murɗa, dama ko hagu. Manhajar AutoCAD ta samu umarni na musamman don wannan aiki a fitowarta ta 2007.

Tazarar nan ce ke wahalar da makanikai. Noti mai lamba M10 na yau da kullum, milimita 1.5 yake matsawa a kowane zagaye, haƙoransa kuma a kusurwar digiri 60 suke. Tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a Ingila a 1841 kuwa digiri 55 ne, shi ya sa notin wani tsohon inji kan ƙi shiga sabon ƙarfe, ko a matsa shi da ƙarfi ya lalace.

Batun dama da hagu ma ba wasa ba ne. Feda ta hagu a keke nannaɗinta na hagu ne, don kada tuƙi ya kwance ta a hanya.