Tsohuwar jitar bas a yankin Ƙonni: Abin da ya kamata mai ita ya sani kafin ya sallama

Duk wanda ya zaro tsohuwar jitar bas mai aiki da lantarki daga ƙarƙashin gado a Bazaga, ya kakkaɓe mata ƙura da niyyar sayarwa, zai ci karo da farashi iri biyu da ba su ko kusa da juna. Na farko shi ne wanda mai gyaran rediyo ko ɗan gwangwan zai taya, yana kallon katako da 'yan wayoyi kawai. Na biyu shi ne wanda ake sa wa wasu irinta a shagunan Turai da Amurka, inda ake maganar dubban daloli.

Yawancin tsofaffin jitoci ba su kai wannan farashi na biyu ba. Amma akwai ƙalilan da suka kai, kuma a ido ba su da wani bambanci da sauran. Shi ya sa mai sayarwar da bai san abin da ke hannunsa ba zai iya yin asara ta fuska biyu: ko ya ba da dukiya a kuɗin goro, ko ya kafe kan farashin da babu wanda zai biya har kayan su lalace.

Kasuwa na kusa, masu saye na nesa

Bazaga ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Birnin Ƙonni da ke jihar Tawa. Yanki ne da ya san ciniki. Hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa Ƙonni da Malbaza, garin masana'antar siminti. Daga Ƙonni kuma taki kaɗan ne zuwa Illela ta jihar Sakkwato a Najeriya, wadda ba ita ce Illela ta Nijar da ke arewa ba. Albasa da dabbobi da man fetur da babura da kayan gwanjo duk suna da dillalansu, kowa ya san farashinsu na ranar.

Jitar bas ba ta cikin wannan jerin. Dalili na farko shi ne ba ta tashi ita kaɗai. Tsirkiyoyinta huɗu masu kauri suna ba da amon ƙasa ne, wanda ke riƙe kiɗa tare da ganga, kuma sai an jona ta da amfilifaya da babbar sifika kafin a ji ta sosai. Ke nan mai saye na buƙatar wuta ko janareta, da abokan kiɗa.

Dalili na biyu shi ne fiyano da kwamfuta sun ƙwace mata aiki. A yau yaro ɗaya a situdiyo zai haɗa ganga da bas da sarewa ba tare da ya taɓa tsirkiya ba, a wurin biki kuma DJ da sifikarsa sun wadatar. Ko Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da ya yi suna a duniya da kiɗan jita, kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon gyaran murya na kwamfuta irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Da ya kafa cikakkiyar ƙungiya ta zagaya duniya kuwa, Ba'amurke ne, Mikey Coltun, ke riƙe masa bas. Ita ma ƙungiyar Les Filles de Illighadad ta yankin Abalak, da jita da ƙwarya da kiɗan tande ta yi suna.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. A gidaje da dama ana yi wa sana'ar kiɗa kallon ƙasƙanci, kuma malamai sun yi saɓani kan hukuncin kayan kiɗa da cinikinsu. Wannan na sa magada su so rabuwa da kayan cikin gaggawa da sirri, kuma gaggawa ita ce ribar dillali.

Zamanin da bas ke da daraja

An yi lokacin da ƙungiyar kiɗan zamani ba ta cika sai da mai bas. A mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya da bukukuwan matasa na ƙasa sun ba wa wasanni da kaɗe-kaɗe fili a jihohi. A 1987 aka fara gasar Prix Dan Gourmou, wadda aka sa wa sunan shahararren mawaƙin Tawa, domin ƙarfafa kiɗan zamani na Nijar. Bayan nan aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM El Hadj Taya a Yamai. Daga wannan yunƙuri ne aka san irin su Saâdou Bori da Moussa Poussy da ƙungiyar Mamar Kassey. Har yanzu ƙungiyoyi kamar Tal National na Yamai na riƙe da wannan tsari na jita da bas da ganguna.

Nijar ba ta da masana'antar jitar lantarki. Duk wadda aka kaɗa a wancan zamani daga waje ta shigo, sabuwa ko ta hannu. Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: wa ya ƙera ta, a ina, kuma a wace shekara?

Yadda ake gane ta gaske

Kamfanin Fender na Amurka ne ya fito da Precision Bass a 1951, jitar bas ta farko da ta karɓu a kasuwa, sannan Jazz Bass a 1960. A farkon 1965 Leo Fender ya sayar da kamfanin ga CBS a kan dala miliyan 13. Masu tara tsofaffin kayan kiɗa sun fi daraja waɗanda aka ƙera kafin wannan ciniki, kuma su ne ke da tsada mafi yawa. Na shekarun 1970 ma suna da kasuwa, amma ba su kai su ba.

Sai dai sunan da ke rubuce a kan jita ba hujja ba ce. A shekarun 1970 kamfanonin Japan irin su Greco da Tokai da Ibanez sun ƙera masu kama da na Fender sak. A 1982 Fender da kansa ya fara fitar da masu rahusa da sunan Squier. Ga kuma na jabu da ake manna wa tambari a bayan fage. Waɗancan na Japan ba abin rainawa ba ne, suna da masu nemansu. Haka ma na Turai kamar Höfner da Framus na Jamus da Eko na Italiya. Amma kowace da nata farashi.

Wurare uku masana ke dubawa. Na farko lambar kamfani: a tsofaffin Fender tana jikin farantin ƙarfen da ke baya, inda kusoshi suka haɗa wuya da gangar jiki, daga 1976 kuma aka mayar da ita kan jitar, wajen maɗauran tsirkiya. Na biyu kwanan watan da ake rubutawa ko bugawa a gindin wuya, wanda ba a gani sai an kwance. Na uku lambobin da ke bayan maɓallan ƙara da rage murya. Idan an ga lamba ta fara da 137, kamfanin CTS ne ya yi maɓallin, lambobin da ke biye kuma shekara ce da mako. Misali, 1376612 na nufin mako na 12 na shekarar 1966.

Idan waɗannan ukun suka yi daidai da juna, magana ta fara ƙarfi. Amma kwance wuya ko buɗe cikin jita aikin gwani ne. Wanda bai iya ba, hotuna masu kyau na gaba da baya da kai da farantin lamba sun isa a fara tambaya, musamman ga wanda ke da ɗan'uwa a Faransa ko Beljiyam ko Amurka da zai iya shiga shagon kayan kiɗa ya nuna. Shafin Reverb na intanet ma na nuna farashin da aka sayar da irinta, wanda ya fi farashin da masu talla ke nema zama ma'auni.

Gyaran da ke zama ɓarna

Babban kuskuren da ake yi shi ne ƙoƙarin mayar da tsohuwa sabuwa. A kasuwar babur, fenti na ƙara kuɗi. A kasuwar tsofaffin jitoci kuwa, dillalai kan ce sake fenti na iya zabge kusan rabin darajarta. Kojewa da dusashewar launi da gurbin da hannu ya cinye duk shaida ce ta shekaru. Haka nan canja maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, ko sake wayoyin ciki, ko huda sabon rami. Idan dole ta sa an canja wani abu, a ajiye tsohon a haɗa da shi wajen ciniki, har da akwatinta na asali ko da ya yage.

Yanayin yankin ma abokin gaba ne. Bushewar hunturu na sa katakon wuya ya motse har bakin ƙarafunan da ke jere a kansa su fito suna yankar hannu. Zafin bazara a ɗakin kwano na sassauta gam. Damina na kawo tsatsa, gara kuma ba ta san Fender ba. Tsirkiyoyin bas na jan wuya da ƙarfi, don haka wadda aka jingine shekaru a ɗaure tana iya lanƙwashewa. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa don miƙar da shi, amma idan ta ci tsatsa aka matsa mata da ƙarfi tana iya karyewa, kuma wannan gyara ne mai tsada. Mai saye na gaskiya zai fara tambaya ne kan lafiyar wuya kafin komai.

Iyaka da canji da takardu

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe iyakar Ƙonni da Illela na tsawon watanni, Najeriya kuma ta yanke wutar da take bai wa Nijar. An sake buɗe iyakar a watan Maris na 2024, sannan Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025. Wanda zai kai kaya Sakkwato ko Kano ya kamata ya lissafa kuɗin mota da na hanya kafin ya yi murnar farashi.

Sai batun kuɗin da za a yi cinikin da shi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro ɗaya, naira kuwa tana hawa da sauka tun da aka sake ta a 2023. Farashin da ya yi daɗin ji da naira zai iya ƙanƙancewa a hannun ɗan canji. A yanke da wane kuɗi za a biya, da la'adar dillali, tun kafin a ce an sallama.

Fitar da ita zuwa Turai ko Amurka na da nasa ƙa'idoji. Fuskar wuyan yawancin Fender na farkon shekarun 1960 an yi ta ne da wani katako na Brazil da yarjejeniyar CITES ta sa cikin jerin mafi tsauri tun 1992. Ba tare da takardar izini ba, kwastan na can na iya riƙe jitar. Mai sayen da ya san sana'arsa zai tayar da wannan magana da kansa.

Ga kuma 'yan damfara. Wanda ya amince da farashi ba tare da tayi ba, ya turo hoton rasit ko saƙon banki, ya ce a miƙa kaya ga direba, ko ya ce ya tura fiye da kima a mayar masa da canji, cinikin biri a sama yake so a yi. Kada kaya su bar hannu sai kuɗi sun shiga hannu, ko an karɓe su a ofishin aika kuɗi irin su NITA ko Amana. Idan kuma jitar ta gado ce, sai duk magada sun sani kuma sun yarda, a gaban shaidu.

Labarinta ma kuɗi ne

Nijar na da misalin abin da kayan kiɗa na hannu ke iya zama. A shekarun 1970, Mamman Sani, wanda ke aiki da UNESCO, ya ga fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya a hannun wani wakili daga Ruwanda, ya lallashe shi ya sayar masa. Da shi ya naɗi kundin La Musique Électronique du Niger a 1978, kuma kiɗansa ya daɗe yana tashi a rediyo da talabijin na ƙasa. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kundin, duniya ta san shi.

A Ingila kuwa, bas ƙirar Höfner da Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya saya a Hamburg a 1961 an sace ta a 1972. Sai a farkon 2024 aka sanar da cewa ta koma hannunsa, bayan wani iyali ya gano tana ajiye a saman rufin gidansu. Höfner ya ƙera dubban irinta. Hannun da ya kaɗa ta ne ya bambanta ta.

Haka abin yake a nan. Bas da za a iya nuna cewa ta hau dandalin gasar Dan Gourmou, ko ta yi aiki a wata ƙungiya ta Tawa ko Ƙonni ko Maraɗi, ta wuce katako da waya. Tsohon hoto, ko kaset, ko takardar gayyata, ko muryar wani dattijo da aka naɗa a waya yana ba da labarin wanda ya kaɗa ta, duk suna ƙara mata nauyi a idon mai saye, kuma su ne ke saura wa iyali bayan ta tafi.

Ga wadda bincike ya nuna ba ta da tsada a waje, har yanzu akwai masu buƙatarta a gida: ƙungiyoyin Yamai da Agadas, majami'u, situdiyoyin Sakkwato da Kano, da matasan da ke koyo a gidajen matasa da al'adu. A wurinsu, bas mai miƙaƙƙen wuya da sauti mai tsabta kayan aiki ce da za ta ci abinci gobe. Kafin mai ita ya zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan, abin da ake buƙata daga gare shi bai wuce hotuna shida ko bakwai ba, da lambar da ke jikin farantin baya, da haƙurin 'yan makonni.